Ranar da Na Kori Malama Zuwaira da Tsingaro

Ko da zan manta da ranar ɗaurin aurena, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a makarantarmu ta Rano ba. Ranar ce ni, uwar 'ya'ya huɗu, malamar aji shida mai shekara goma sha ɗaya a bakin allo, na zauna a kujerar roba a gaban iyayen yara ina roƙon Allah ya sa ƙasa ta tsage in shige. Ba ta tsage ba. Ƙasar Rano tauri gare ta, ko'ina dutse ne.

Bari in faro muku daga tushe.

Makarantarmu firamare ce mai zaman kanta, ba babba ba. Duk ƙarshen zango na biyu muna yin abin da muke kira baje kolin tarihi. Kowane aji daga na huɗu zuwa na shida zai zaɓi wasu mutanen da, ya nuna wa iyaye yadda suka rayu. Ni kuwa na daɗe da gano hanyata. Ana saura sati biyu sai in hau mota in tafi Rurum Tsohon Gari gidan surukata, in kwaso akushi da mazari da faifai da tsohuwar fitilar aci-balbal, in jera su a kan tebur, in sa yara su haddace bayani da Turanci. Kullum ni ce ta ɗaya. Kullum Hedimasta, Malam Sabi'u, sai ya ce, "Malama, kin fitar da mu kunya." (Gaskiyar magana, babu wanda yake takara da ni. Malamin aji huɗu taswira kawai yake mannawa a bango ya koma ya zauna.)

Sai aka ɗauki Malama Zuwaira.

Daga Kibiya take zuwa kullum a motar haya, ta sauka a tasha ta ƙaraso da ƙafa. 'Yar siririya ce, ba ta fi shekara ashirin da shida ba, muryarta ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji me take cewa. Ranar farko ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, ina kwana." Na ce a raina, wannan ba za ta yi zango ɗaya ba yara za su cinye ta ɗanye. Aka ba ta aji biyar, ajin da 'yata Zahra'u take.

A taron malamai Hedimasta ya tambayi kowa abin da ajinsa zai nuna bana. Na ce, "Kamar yadda aka saba." Aka zo kan Zuwaira, ta gyara hijabi ta ce, "Ni ina so mu yi Girka."

Kafin kowa ya yi magana na ce, "Girka? Ta tukunya ko ta bori?"

Mutum biyu suka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta ce a'a, ƙasar Girka take nufi, mutanen da suka zauna a can tun kafin zuwan Annabi Isa. Ta ce tana so yara su ga yadda kasuwarsu take, da abin da suke ci, da wasanninsu, da yadda suke taruwa su yanke shawarar gari. Ta fito da wani littafi mai hotuna da ta ce tun tana kwaleji take ajiye da shi. Hedimasta ya cire tabarau ya goge ya mayar, yana buɗe shafi bayan shafi. A shekara goma sha ɗaya bai taɓa goge tabarau don akushina ba. A nan na fara jin wani abu ya tokare min ƙirji, amma na ce wa kaina ƙwannafi ne.

Da a makaranta kawai abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Girka ta biyo ni har gida.

"Umma, Malama ta ce a birnin Atina yara a kan allo suke koyon rubutu kamar mu, sai dai nasu da kakin zuma ake shafe shi."

"Umma, Malama ta ce suna cin gurasa da zaitun da kifi."

"Umma, Malama ta ce wanda ya ci gasar tsere ganye ake naɗa masa a ka, ba kofi ba."

Malama ta ce, Malama ta ce, daga safe har a ci tuwon dare. Ni ma fa malama ce. Ni na koya wa yarinyar nan riƙe fensir. Amma a bakinta "Malama" mutum ɗaya ce a duniya, ni kuwa mai miƙo miya. Wata rana na so in nuna ni ma na sani, na ce ai Girka can take kusa da Ingila. Zahra'u ta dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce bakwai sau takwas hamsin, ta ce, "A'a Umma, ta fi kusa da Turkiyya. Bari in zana miki."

Ta kuwa zana min. A gaban ƙannenta.

Maigidana, wanda hatsi yake kaiwa Kano, bai taɓa tambayata me nake koyarwa ba. Amma sai ga shi ya ajiye cokali yana cewa, "To Zahra'u, su Girkawan nan me suke nomawa? Suna da dawa?" Ta ce sha'ir da alkama. Ya ce, "Ikon Allah. Wannan malamar taku ta san abin da take yi." Na tashi na ce zan duba ruwan zafi. Babu wani ruwa a kan wuta.

Da aka ce kowane yaro ya kawo farin zanin gado don a yi shigar Girkawa, ina da sababbi biyu a akwati. Na tono wani tsoho mai tabon manja a tsakiya na ba ta. (Na sani. Ba sai kun faɗa ba.) Washegari ta dawo da murna ta ce Malama ta naɗa mata shi yadda tabon ya shige cikin ninki, kuma ta ce a gaishe ni, a ce zanina ya fi na kowa laushi. Ban taɓa jin godiyar da ta ƙona min rai irin wannan ba.

A makaranta kuwa tagar ajina tana kallon fili. Ina tsaye ina fama da yara su haddace bayanin mazari, idanunsu duk suna waje. Can 'yan aji biyar suna gina ginshiƙai da kwali da karan dawa, suna shafa musu farar ƙasa. Wasu suna zane da baƙin fenti a jikin tuluna. Wasu suna tsere, wanda ya ci a naɗa masa ganyen darbejiya a ka, ya yi ta tafiya yana ɗaga kafaɗa. Ita kuma malamar tasu mai muryar ƙasa-ƙasa, sai ka ga ta ɗaga yatsa ɗaya yara talatin sun yi tsit. Ni sai na buga tebur da rula sau uku. Wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, don Allah mu ma za mu iya zama Girkawa?" Na sa aka rufe tagar. Muka ƙarasa darasi cikin zafi da duhu, ina ta zufa, ina ce musu don lafiyarsu na yi.

Daga nan na yi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Shugaban ƙungiyar iyayen yara shi ne Malam Idi, dattijo mai makarantar allo a unguwarmu, wanda in ya ce a'a babu mai cewa i. Na tare shi a ƙofar makaranta ya kawo jikarsa, na durƙusa na gaishe shi, na sa muryar mai kishin tarbiyya.

"Allah gafarta Malam, ni dai abin nan na aji biyar yana ɗan damuna. An ce mutanen nan gumaka suke bauta wa. Ga yara ana naɗe su da farin ƙyalle kamar likkafani. Na ce dai in sanar da manya."

Ya dafa sandarsa ya ce, "Wace ƙasa kika ce?"

"Girka, Allah gafarta Malam."

"Au, Yunanawa!" Fuskarsa ta washe kamar na ambaci wani tsohon abokinsa. "Ai Malama, littattafan likitanci da lissafi da mandiƙi na mutanen nan malamanmu na Musulunci suka juya su zuwa Larabci, suka tace, suka ɗauki mai amfani suka zubar da shirkar. Mun karanta labarinsu a zaure tun muna samari. Yanzu har yaranmu za su san su? Wace malama ce ta kawo wannan? Allah ya yi mata albarka. Ranar da ni za a yi, a ajiye min kujera a gaba."

Na ce, "Amin." Me zan ce? Na je in haɗa wuta, na dawo na ƙara mata babban baƙo.

Ana gobe taron, da la'asar, Zahra'u ta shigo da gudu ko takalmi ba ta cire ba. "Umma, Umma, kin san me? A wajen ƙuri'ar nan ta gobe ni Malama ta zaɓa in..."

Na ce, "Ke! Na ji Girka har ta fito min ta hanci. Cire takalmi ki je ki wanke kwanuka."

Ta cire takalmin ta wuce.

Ranar Asabar aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗauko lasifika da janareta. Iyaye sun cika fili, maza gefe mata gefe, Malam Idi da Hedimasta a gaba. Ajina ya fara. Yarana suka yi ƙoƙari, babu wanda ya manta layinsa, aka tafa musu tafi irin na sauke nauyi. Ina komawa kujerata na ji wata tsohuwa a bayana tana ce wa ta kusa da ita, "Akushin bara ne ko? Na gane tsagar nan ta gefe."

Sai aji biyar suka fito.

Zan faɗi gaskiya tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: abin ya yi kyau. Yara cikin fararen zannuwa, an tsayar da ginshiƙai huɗu, an baje kasuwa a tsakaninsu. Mai gurasa yana kiran ciniki, mai kifi tana rantsuwa yau aka kamo shi daga teku, wani ya zauna a kan tulu wai shi malamin hikima ne, kowa ya wuce sai ya tsare shi da tambaya har mutum ya rasa amsa ya gudu. Da Hausa suka yi, sai ɗan Turanci nan da can, saboda haka iyaye suna ganewa, suna ta dariya suna nuna 'ya'yansu. Aka yi tsere, aka naɗa darbejiya. Malam Idi yana ta gyaɗa kai yana cewa "Haka ne, haka ne." Wata mata ta juyo ta ce min, "Malama, kun yi sa'ar yarinyar nan ta Kibiya wallahi." Na yi murmushin da ya sa muƙamuƙina ciwo.

Daga ƙarshe wata yarinya ta karɓi abin magana ta yi bayani. Ta ce a birnin Atina, in mutane suka ga wani babba yana neman ya fi ƙarfin gari, sai a taru, kowa ya ɗauki tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, ya rubuta sunan wanda yake so a kora. Wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari shekara goma. Ta ce a can mata ba sa jefa ƙuri'a, amma Malama ta ce yau a Rano kowa zai jefa. (Da ma an bi al'adar Girkawan sau da ƙafa. Da yanzu ba ni da labarin ba ku.)

Aka tsayar da yara uku a gaba, aka rubuta sunayen wasansu a allo: Mai Fahariya, Mai Zari, da Mai Tsegumi. Kowannensu ya yi ɗan wasan halinsa, jama'a suna dariya. Sai aka zagayo da buhun tsingaro, wanda daga baya na ji Zuwaira da kanta ta roƙo wajen masu tukwane a kasuwar Kibiya ta ɗauko a mota. Kowa aka ba shi ɗaya da guntun alli. Aka ajiye wata randa mai faɗin baki a tsakiya.

Na riƙe tsingarona a cikin hijabi. Na ɗaga kai na hango Zuwaira can gefen allo, Hedimasta ya juya yana yi mata magana yana dariya, ga Zahra'una ta riƙe mata gefen hijabi kamar wadda ta haife ta. Na ciro allin.

Ga lissafin da na yi, don kada ku ce mahaukaciya ce ni gaba ɗaya. Na ɗauka za a kai randar bayan aji a ware tsingaron kashi uku, a zo a faɗi wanda ya ci. Nawa zai fita daban, a jefar da shi gefe. Ita kaɗai za ta gani in tana kwashe kaya, ta san cewa a cikin masu tafin nan akwai wanda bai yi da ita ba. Ba wanda zai san ko waye. Ɗan abin da zai rage mata zaƙin ranar kawai nake so.

Na sunkuya na rubuta: "Zuwaira. Ta koma Kibiya." Har da aya. Na ga allin bai fito sosai ba, na sake bi ta kai. Sannan, saboda hannun malami ba ya jin magana, na ja layi a ƙarƙashi. Na tashi da natsuwa na jefa a randa, har ina yi wa yaran murmushi.

Da kowa ya gama, yarinyar ta sake ɗaukar abin magana ta ce, "Yanzu Zahra'u za ta fito ta karanto ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya kowa ya ji, Malama kuma za ta riƙa ja a allo."

Abin da Zahra'u ta so gaya min ke nan jiya na tura ta wanke-wanke.

Zahra'u ta fito cikin zanina mai tabon manja, ganye a kanta, ta zura hannu a randa. "Mai Zari!" Aka yi shewa. "Mai Tsegumi!" Aka yi dariya. Duk sanda hannunta ya shiga randar nan sai in kama addu'a. Na yi addu'ar man janareta ya ƙare. Na yi addu'ar allin ya goge, sai na tuna sau biyu na bi ta kai. Na yi tunanin in tashi kamar zan gyara wani abu in yi tuntuɓe da randar, amma ai fasasshiyar tukunya ba ta tsoron fashewa. Na yi tunanin suma. Na duba ƙasa, tsakuwa ce.

"Mai Fahariya!"

"Mai Zari!"

Sai ta ɗauko wani, ta buɗe baki, ta tsaya. Ta juya shi. Yarinya ce da aka koya wa karanta duk abin da ta gani a rubuce (ni na koya mata), saboda haka ta karanta, a hankali, lasifika tana kai wa har bakin titi:

"Zu-wai-ra. Ta koma... Kibiya."

Janareta kawai kake ji. Zuwaira tana tsaye da alli a hannu, ba ta motsa ba. Hedimasta ya miƙe rabi ya ce, "Wane mara kunyar yaro ne ya yi wannan?" Na ji ɗan sanyi a raina. Yaro. Madalla. A bar shi a kan yaro.

Amma Zahra'u ba ta ajiye tsingaron ba. Ta ƙura masa ido, ta karkata kai, ta ɗago tana nemana a cikin mata har ta same ni. Ba da mugunta ba, wallahi, da mamaki ne kawai, kuma ta manta abin magana yana bakinta:

"Umma, wannan ai irin Z ɗinki ne, mai ɗamara a tsakiya. Irin wanda kike rubuta min a bangon littafi."

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Mutane da yawa suna irin wannan rubutun."

'Yan ajina suna zaune a tabarma dab da ita. Suka yi caa suka leƙa. Yaran da na yi wata biyu ina fama su haɗa baki su faɗi abu ɗaya a tare ba su iya ba, ranar suka iya: "Rubutun Malamarmu ne! Har da layin da take ja!"

Ban san yadda zan kwatanta muku kallon mata sittin in sun juyo a lokaci ɗaya ba. Matar da ta ce mun yi sa'ar yarinyar Kibiya ta ɗan ja kujerarta gefe. Hedimasta ya koma ya zauna a hankali. Malam Idi ya sa gefen rawaninsa ya rufe baki yana wani tari, kafaɗunsa suna rawa. Ya gane. Ya haɗa wannan da maganar likkafani, na ga lokacin da ya haɗa.

Zuwaira ce ta fara motsi. Ta zo ta karɓi abin maganar daga hannun Zahra'u, ta dafa kanta, ta ce da muryar nan tata ƙasa-ƙasa, "Yara, a Atina kowa yana da damar rubuta sunan da ya ga dama, kuma dole a ƙirga. Ƙuri'a ce, za mu ƙirga ta." Ta koma allo, a ƙarƙashin Mai Tsegumi ta rubuta "Malama Zuwaira", ta ja sanda ɗaya a gabansa. Ta juyo ta ce, "Sai dai ƙuri'a ɗaya ba ta korar mutum. Ranar Litinin ina nan, kuma kowa ya zo da aikin gidansa. Zahra'u, ci gaba."

Aka fashe da dariya da tafi, har da masu guɗa. Ta cece ni, ta kuma gama da ni, a numfashi ɗaya. Mai Zari aka kora daga ƙarshe, ya ɗauki ƙunshinsa yana kukan ƙarya. Amma sunan nan da sandarsa ɗaya suna allo har aka tashi. A gaban allon aka yi hoton malamai. Ina cikin hoton, a ƙarshen layi, ina kallon takalmina.

A gida ban samu Zahra'u tana murna ba. Ta cire ganyen ta ajiye, ta zauna a bakin gado tana hawaye. Na zauna kusa da ita, ta ce, "Umma, laifi na yi da na faɗa?"

Na ce, "A'a. Ni na yi laifi."

"To me Malama ta yi miki?"

Na buɗe baki in kawo dalili, irin na manya, na duba ko'ina a cikina ban samu ko ɗaya ba. Na ce, "Ba ta yi min komai ba. Ta iya aikinta ne, ni kuma na ji haushi." Ta dube ni ta ce, "Amma ke ma kin iya." Wannan ya fi duk kallon matan nan zafi.

Maigidan ya dawo daga Kano da yamma, tun a tasha an ba shi labari. Ya yi sallama, ya zauna, ya sha ruwa. Can ya ce, "Ni dai in na yi laifi a gidan nan a gaya min da baki. Kada in ga an fasa tukunya."

Ban iya jiran Litinin ba. Ranar Lahadi da hantsi na hau motar Kibiya, na yi tambaya har aka nuna min gidansu. Zuwaira ta fito da tsintsiya a hannu, ta gan ni ta rikice, tana "Yaya, ke ce? Shigo, shigo." Na ce mata ba zama na zo yi ba, haƙuri na zo bayarwa, kuma ba na tsingaro kaɗai ba. Na faɗa mata na zanin gado, na faɗa mata na Malam Idi. Ta saurara har na gama. Ta ce ba za ta ɓoye min ba, da aka karanta sunanta ta tsorata, don zangon gwaji take, ta ɗauka wani daga cikin iyaye ne ba ya son ta. Ta ce, "Da na ji ke ce sai na ji sauƙi, na ce wannan ta gida ce, za mu shirya. Ni fa Yaya tun farko na so ki duba min Turancin yaran, tsoronki ya hana ni. Shi ya sa muka yi da Hausa."

Wato abin da ya fi burge iyaye ma, tsorona ne ya jawo shi. Ko a nan ban ci riba ba.

Muna cikin haka mahaifiyarta ta ɗaga labule, tsohuwa mai carbi a hannu. Zuwaira ta ce, "Inna, abokiyar aikina ce daga Rano." Tsohuwar ta ƙare min kallo ta ce, "Ke ce mai rubutun?"

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Inna. Na zo ba da haƙuri."

Ta ce, "Haƙurin me? Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Wata shida ina cewa ta nemi aiki a nan Kibiya ta huta da hawa motar nan kullum, ba mai goya min baya. Ashe ina da mutum a Rano. In za a sake ƙuri'ar ki aiko a gaya min, mu zama biyu."

Zuwaira ta yi dariya har ta saki tsintsiya. Ni ma na yi, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne. Sai da na ci ɗanwake kafin suka bar ni na tafi.

Yanzu shekara uku ke nan. Tana nan ba ta koma Kibiya ba, tare muke shirya baje kolin, ni Turanci ita dabara. Zan so in ce muku hassadar ta mutu tun ranar, amma ƙarya zan yi. Watan jiya aka ba ta mataimakiyar Hedimasta, na ji abin nan ya motsa a ƙirjina, ya miƙe, ya yi hamma. Bambancin kawai, yanzu na san sunansa, na daina ce masa ƙwannafi. In ya taso sai in tusa hannuwana biyu a cikin hijabi in riƙe su gam, in yi nesa da alli da biro da waya, in je in ce mata "Allah ya sanya alheri" da bakina. Baki in ya yi kuskure ana iya cewa ba a ji daidai ba. Rubutu kuwa, a garin da rabin yaransa kai ka koya musu karatu, sai an karanta maka shi da lasifika.